Ba Chagall ne ya tsallake da zane-zanensa ba, 'yarsa Ida ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da ma'aikatanka. Na karanta rubutun da kuka buga a shafin tarihi kan Marc Chagall, mai zanen nan Bayahude haifaffen garin Vitebsk da ke ƙasar Belarus ta yanzu, na kuma ji daɗinsa, domin ba kasafai jaridunmu ke waiwayar masu zane ba. Sai dai jimla guda ta tsaya mini a rai, inda marubucin ya ce Chagall ya tsere zuwa Amurka da zane-zanensa lokacin yaƙin duniya na biyu. Ranka ya daɗe, ba haka aka yi ba. Shi dai ya tsira da ransa, shi da matarsa Bella. Zane-zanen kuwa 'yarsa Ida ce ta tsallake teku da su, kuma ko sau ɗaya ba a ambace ta a rubutun ba. Ni malamar zane ce har na yi ritaya, kuma duk ajin da na nuna wa aikin Chagall sai na ba su labarin wannan yarinya.

A 1916 aka haifi Ida, ita kaɗai ce 'yar Chagall da Bella. Iyalin sun zauna Faransa tun 1923, uban ya samu takardar zama ɗan ƙasa a 1937. A wannan shekarar ce 'yan Nazi suka rataye wasu ayyukansa a wani baje koli a Munich don a yi musu dariya, a matsayin zanen lalatattu. Wannan kaɗai ya isa ishara ga mai hankali. Amma Chagall mutum ne da in ya riƙe buroshi ba ya jin kira. A watan Mayun 1940, daidai lokacin da sojojin Jamus ke kutsowa, shi gida yake saye a ƙauyen Gordes da ke kudancin Faransa. Ko da gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗa kai da Jamus, ta kafa dokar ware Yahudawa a Oktoban shekarar, bai daina jan ƙafa ba. Da Ba'amurken nan Varian Fry, wanda ke fitar da marubuta da masu zane ta Marseille, ya je masa da goron gayyata zuwa New York, abin da Chagall ya tambaya shi ne ko akwai shanu a Amurka. Ina ƙaunar zanensa, amma wannan tambaya a irin wannan lokaci, ai sai a ce Allah ya kyauta.

Ida ce ta ga wutar tun tana nesa, ta yi ta matsa wa iyayenta lamba. A Afrilun 1941 'yan sanda suka kama Chagall tare da wasu Yahudawa a wani otal a Marseille, sai da Fry ya sa baki aka sake shi. Nan ne idonsa ya buɗe. Shi da Bella suka bi ta Sifaniya zuwa Lisbon, suka sauka New York ranar 23 ga Yuni, kwana ɗaya bayan Hitler ya afka wa Tarayyar Sobiyet.

To, ina zane-zanen? An tura su ta Sifaniya, jami'an kwastan suka riƙe. Ida, mai shekara 25, wadda ita ma Bayahudiya ce da za a iya cafkewa kowane lokaci, ta yi ruwa ta yi tsaki har aka sako kayan. Daga nan ita da mijinta Michel suka samu gurbi a wani jirgin ruwa mai suna Navemar, wanda ya tashi daga Seville ta Sifaniya a watan Agusta.

Wannan jirgi ya cancanci shafi guda a jaridarka. Na dakon kaya ne, ɗakunan fasinjansa na mutum 28 ne kacal, amma aka loda masa 'yan gudun hijira sama da 1,100, kowa ya biya kuɗi mai tsoka. A cikin rumbunan kaya aka jera gadaje hawa-hawa, aka cusa mutane kamar buhunan gyaɗa, ba iska, ba isasshen banɗaki, ga zafin bazara. Zazzaɓi ya ɓarke, wasu suka cika a hanya. Sama da wata guda aka yi a haka, ana ratsawa ta Lisbon da Bermuda da Havana, kafin a isa New York ranar 12 ga Satumba. Ida da Michel ba su yarda an sauke ƙaton akwakun zanen cikin rumbu ba. A saman jirgi suka ajiye shi, suka tare a gindinsa. Kayan da aka zuba a ƙasa kuwa danshi ya ruɓar da su.

Wata ɗalibata ta taɓa tambayata ko ya dace akwaku ya ci wuri a jirgin da mutane ke mutuwa. Tambaya ce mai nauyi, ban kuma raina ta ba. Abin da na ce mata shi ne, a watan Oktoban 1941 ne Jamusawa suka kashe dubban Yahudawan Vitebsk, yaƙin kuma ya rushe garin kusan ƙurmus. Gidajen katakon nan, da masu goge a kan rufi, da awaki, da amare, waɗanda Chagall ya yi ta zanawa, a jikin zane kawai suka rage.

Aikin Ida bai tsaya nan ba. Da Bella ta rasu a Satumban 1944, Chagall ya juya zane-zanensa suna kallon bango, ya yi watanni bai taɓa fenti ba, Ida ce ta tallafe shi. Ta fassara rubutun mahaifiyarta daga Yiddish, harshen Yahudawan gabashin Turai, zuwa Faransanci. Bayan yaƙi ta riga shi komawa Paris, ta shiga tsakaninsa da gidajen tarihi da dillalai, har aka yi masa babban baje koli a 1947. Da ya auri Valentina Brodsky a 1952, sannu a hankali harkokinsa suka bar hannun Ida suka koma na amarya, alhali ita Idan ce ta haɗa su. Ta rasu a 1994, shekara tara bayan mahaifinta.

Roƙona, ranka ya daɗe, a gyara waccan jimla a fitowa ta gaba, a rubuta sunan Ida Chagall da na jirgin Navemar. In da sarari a shafin, a haɗa da hotonta.

Taka,
Malamar zane mai ritaya,
Zariya