Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Abzin Kan Fadar Kawusan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara masa lafiya da nasara.

Ranka ya daɗe, talakanka ne ke rubuto wannan takarda. Na rubuta ta a fili ne domin maganar ta shafi duk ɗan Agadas, na gida da wanda neman abinci ya kai Yamai ko Damagaram ko Kano. Magana ce kan gini guda da ke 'yan taku kaɗan daga ƙofar fada, yana kallon hasumiyar babban masallaci: masaukin da baƙi suka sani da Hôtel de l'Aïr, wanda asalinsa fadar Kawusan ce.

Sarki ya fi ni sanin tarihin, amma yaranmu da yawa ba su san shi ba, shi ya sa zan maimaita. A watan Disamba na 1916 Kawusan, jagoran Abzinawan da suka yi wa Faransa tawaye, ya shigo Agadas da mayaƙansa, Sarkin Abzin na lokacin, Tagama, ya mara masa baya, suka tsare sojojin Faransa a barikinsu har zuwa farkon Maris na 1917. A wannan zamani aka gina masa wannan gida. Da Faransawa suka sami ɗauki suka sake ƙwace garin, sun zubar da jini mai yawa, har da na malamai, jama'a suka watse, gari ya yi tsit. An kashe Kawusan a Murzuk ta ƙasar Libya a 1919, Tagama ya rasu a hannun Faransawa a 1920. Mutanen sun tafi, gidan ya tsaya. Daga baya aka gyara shi aka mai da shi masauki, babban ɗakin da ake cewa a nan Kawusan yake ganawa da jama'a ya zama wurin cin abincin baƙi.

Akwai masu ganin wannan ƙasƙanci ne ga gidan jarumi. Ni ban ga haka ba, ranka ya daɗe. Agadas gari ne da ayari ya raina. Tun ƙarni na 15 da aka kafa sarautar Abzin a nan, arzikinmu shi ne sauke baƙo: mai gishirin Bilma da Fashi, fataken Kano da Katsina, Larabawan Gadamas. Har Bajamushe Barth, da ya zo a 1850 yana kiran kansa Abdulkarim, an ba shi masauki, kuma ana nuna gidan har yau. Gidan da ake kwana a cikinsa shi ake sharewa, shi ake lura da tsagarsa tun tana ƙarama. Na tabbata zamansa masauki ne ya kawo fadar Kawusan har zamaninmu.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne rufin wancan babban ɗaki. Duk magini ya san iccen rufi ba ya iya ɗaukar nauyin ƙasa in an miƙa shi da nisa, shi ya sa ɗakunan talakawa suke ƙanana. To ta yaya aka sami fili mai faɗi haka ba ƙarfe ba siminti? Da bakan gizo, wato ginin da ke lanƙwasowa daga bango zuwa bango ya ɗauki rufin. Magini zai kafa itace cikin bango ya ɗan karkato shi ciki, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya jira ta bushe, sannan ya ɗora wani a kai ya ƙara leƙowa. Haka daga wancan bangon ma, hawa bayan hawa, har bakin biyu su haɗu a sama. Aiki ne na haƙuri, ba a yin sa da gaggawa, kuma ba a koyon sa a takarda. Yaro ne ke tsayawa yana miƙa wa ubangidansa curin ƙasa shekara da shekaru har hannunsa ya gane. Ga kaurin bango da ƙananan tagogi, waɗanda ke sa mutum ya shigo daga zafin bazara ya ji kamar an zuba masa ruwan randa, da hunturu kuma bangon ya riƙe ɗumin rana har tsakar dare. Wanda ya taɓa hawa soron da almuru ya ga hasumiyar nan mai tsawon mita 27 ta yi jajir, da itatuwanta da magina ke takawa in za su yi mata yaɓe, ya san dalilin da ya sa hukumar UNESCO ta sa tsohon garinmu da unguwanninsa 11 cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Tsorona biyu ne, ruwa da siminti, kuma na biyun ya fi ba ni tsoro.

Ruwa mun san shi. Mun ga ambaliyar Satumba 2009 da gidajen da ta rusa, mun kuma ji yadda tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya faɗi a damunar 2024. Ruwan da ake yi yanzu yana zuwa da ƙarfi a lokaci guda. Amma maganinsa sananne ne tun kaka da kakanni: a yi yaɓe kafin damuna, a gyara indararo, a hana ruwa kwanciya a gindin bango.

Siminti kuwa da sunan taimako yake zuwa. Mai gida ya gaji da yaɓen kowace shekara, sai a ce masa ya shafe da siminti ya huta. Shekara biyu ko uku bangon yana sheƙi. Amma ƙasa tana numfashi, tana shan laima tana fitarwa, siminti kuwa yana toshe ta. Da ya tsage ruwa zai shiga ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe ta ruɓe a ɓoye, ranar da ɓawon ya ɓalle sai a tarar rabin bangon ya zama gari. Na ga haka ya faru da gidan wani ɗan'uwana, kuma da kyakkyawar niyya ya yi. In irin wannan gyara ya taɓa hawa kan bakan gizon fadar Kawusan, ba mai iya mayar da shi.

Don haka nake roƙon Sarki, uban ƙasa, wanda in ya yi kira a fito yaɓen masallaci ba mai zama a gida. Ina roƙon ya tara masu riƙe da masaukin da sarakunan magina da jami'an da ke kula da tsohon gari, a yi alkawari a gabansa cewa duk gyaran da za a yi wa gidan nan, yau ko gobe, da ƙasa da itace za a yi shi, da hannun maginan Agadas. A sa ranar yaɓensa ta zama sananniya kamar ta masallaci. Kowane magini kuma a haɗa shi da samari biyu ko uku, a biya su ko da kaɗan ne, domin samarin da ya kamata su gaji sana'ar suna ta tafiya haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten. Ban ga laifinsu ba, ciki ba ya jira. Amma ranar da dattijon ƙarshe da ya iya ɗaure bakan gizo ya kwanta dama, kuɗin duniya ba za su saya mana hannunsa ba.

Za a ce baƙi sun ɗauke ƙafa, da me za a yi aikin? Gaskiya ne, tun tawayen Abzinawa na 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 jiragen masu yawon buɗe ido suka daina sauka kamar da. Sai dai ba Bature kaɗai ne baƙo ba. Akwai masu zuwa bikin Biyanu na Agadas, akwai masu wucewa Ingal bikin gishiri, akwai 'yan kasuwa da jami'an gwamnati da ɗalibai. In manyan baƙin fada suna sauka a nan, saura za su bi. A kuma kafa allo a bakin ƙofa da Tamashek da Hausa da Larabci da Faransanci, mai faɗin wanda aka gina wa gidan da abin da ya faru a 1917, a riƙa barin 'yan makaranta su shiga su ɗaga kai su ga rufin.

In na yi kuskure ko na wuce gona da iri, Sarki ya yafe wa talakansa. Damuna na tafe, kuma ƙasar yaɓe tana bukatar kwanaki a jiƙe kafin a ɗora ta a bango.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakanka mai biyayya,
wani ɗan Agadas