Maki Biyu da Tsohon Mikin Abu Dabi

Kano, 9 ga Disamba, 2025

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya Jidda, ya aiki, ya uwargida da yara? Na san kana riƙe da ni a zuci, tun Babbar Sallah rabon da in zauna in rubuto maka magana mai tsawo. Ka yi haƙuri. Saƙon muryarka na shekaranjiya sau uku na saurare shi, minti huɗu cur kana zuba kamar kanya ba ko numfashi, har ina jiyo muryar autarka tana cewa Abba ka yi a hankali. Can a ƙarshe ne ka tambaye ni maganar filin nan, kuma zan zo kanta. Amma bari mu fara da abin da ya hana ka barci.

Maki biyu! Haka gasar tseren motoci ta Formula 1 ta bana ta ƙare: Lando Norris na McLaren 423, gwaninka Max Verstappen na Red Bull 421, Oscar Piastri, shi ma na McLaren, 410. Na taya ka jimami, kuma da gaske nake. Mutumin da aka ba shi ratar maki 104 bayan tseren ƙasarsu Holan a ƙarshen Agusta, ya taso ya ci tsere 8 a shekarar, ya fi kowa, ya zo ya lashe na ƙarshen ma a Abu Dabi, sannan kambun ya kufce masa da maki biyu, dole duk mai son tseren mota ya cire masa hula. Amma da ka ce alƙalai ne suka cuce shi bana, nan ne zan ja da kai.

Ka tuna 1 ga Yuni a Barselona. Ana gab da gamawa motar tsaro, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu in an samu matsala a titi, ta fito, Red Bull suka sa masa taya mai tauri, ana sakin su motar ta kusa juyewa da shi, Leclerc ya wuce, George Russell ya kutso masa a kwanar farko. 'Yan garejinsu suka ce masa ta oba-oba ya ba Russell hanya. Ya sassauta kamar zai ba shi, Russell na zuwa daidai gefensa sai ya taka totur ya kai masa karo. Na mayar da hoton baya ya fi a ƙirga, ban ga inda motar ta ƙwace masa ba. Zuciya ce kawai. Aka ƙara masa sakan 10, ya faɗo daga na biyar zuwa na goma, maki 10 suka koma 1. Maki tara ke nan ya zubar da hannunsa, ga shi an zo an rasa biyu. Shi da kansa washegari ya rubuta cewa abin da ya yi bai dace ba, kuma na ga girmansa a kan haka. Kai ne dai har yau ba ka yarda ba. In ma don ta ni ne hukuncin ya yi sauƙi. A 2017 da Vettel ya goga wa Hamilton mota da gangan a Baku, sai da aka sa shi ya shiga gareji ya tsaya cak na sakan 10, wanda da shiga da fita ya ninka wannan asarar nesa ba kusa ba.

Na san amsarka tun kafin ka buɗe baki: Monza. To, ban musa ba. McLaren sun yi wa Norris nawa wajen canjin taya, Piastri ya shige gabansa, suka ce wa yaron ya mayar masa da matsayinsa, ya kuwa mayar. Tsakanin na biyu da na uku maki uku ne. Ka cire ukun nan daga 423 ka gani. Abin ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, don ni ma ba na son a raba kambu ta oba-oba. Sai dai wancan sha'anin cikin gida ne, ba wanda ya taka dokar tsere, kuma kowane kamfani yana yi, har da naku. Ko ka manta aikin da Perez, abokin tuƙin Max, ya yi muku a Abu Dabi a 2021?

Ka ga ka sa na ambaci ranar da na yi niyyar ba zan taɓo ba.

Kafin nan, mai shayin bakin layinmu ya aurar da babbar 'yarsa makon jiya, ya tambaye ka har sau biyu, ya ce in gaya maka bashin Indomie da ƙwai yana nan a littafi. Sanyi ya sauko sosai, hazo ya rufe gari, da asuba sai an ɗora ruwan alwala a wuta. Kawu ya samu sauƙin ƙafar, har ya fara zuwa masallaci da sanda.

Ranar Lahadi da na ga fitilun Yas Marina sun kunno, wallahi ba Norris nake gani ba. 12 ga Disamba, 2021 nake gani, ni da kai a bencin baya na gidan kallo, ka saya wa mai wurin galan ɗin fetur don ya bar mana ƙaramar talabijin ɗin kusurwa, 'yan ƙwallo suna ta yi mana kallon waɗanda ba su da aikin yi. Ƙarfe biyu aka fara. Hamilton na Mercedes da Verstappen kowa maki 369.5, wanda ya riga wani isa shi ke da duniya. Ka tuna yaron nan mai sayar da gyaɗa da ya zo ya tsaya a bayanmu, bai san komai a kai ba, amma kafin a yi rabi ya zaɓi baƙar mota yana ihu?

Saura zagaye kaɗan cikin 58, Hamilton na gaba da ratar sama da sakan 10, sai Latifi ya daki bango a zagaye na 53. Motar tsaro ta fito. Max ya faɗa gareji ya ɗauko sabuwar taya mai laushi, don ba abin da zai rasa. Hamilton ba halin ya shiga, in ya shiga ya ba da gaba, kuma ga dukkan alamu a bayan motar tsaro za a ƙare, sai ya zauna kan tsohuwar tayarsa mai tauri da ta yi zagaye kusan 40. Har nan ƙaddara ce, ba laifin kowa. Tsakaninsu akwai motoci biyar da aka riga aka zagaye: Norris ɗin nan da kansa, Alonso, Ocon, Leclerc da Vettel. Da farko sanarwa ta fito cewa ba za a bar su su wuce ba. Sai Red Bull suka hau oba-oba suna matsa wa daraktan tsere Michael Masi. Can a zagaye na 57 sai ga sabuwar sanarwa: waɗannan biyar ɗin kaɗai su wuce. Ricciardo da Stroll da Mick Schumacher, su ma an zagaye su, aka bar su a inda suke. Kuma dokar da ke rubuce ta ce bayan motocin sun wuce, sai ƙarshen zagaye na gaba motar tsaro za ta koma. Da an bi ta, tsere ya ƙare ke nan. Aka janye ta nan take, aka bar zagaye ɗaya tak, sabuwar taya a bayan tsohuwa. A kwana ta biyar aka gama magana.

Ka daka tsalle har ka ture kofin shayin wani. Ni kuwa na kasa tashi. Muka fito sallar La'asar ba mu ce wa juna uffan ba, kuma ka san sai da muka yi kusan wata guda a haka.

Abin da nake so ka ji, wanda ban taɓa iya gaya maka baki da baki ba saboda kullum sai mu ɓige da hayaniya: ban taɓa ganin laifin Max a ranar ba. An buɗe masa ƙofa ya shiga, kowane direba haka zai yi. Kuma a shekarar ya cancanci kambu, shi ya fi cin tsere. Ciwona shi ne mutumin da aka damƙa wa littafin doka ya ajiye shi a minti biyar na ƙarshe saboda yana son a ƙare da armashi. Da Toto Wolff, shugaban Mercedes, ya yi masa ƙorafi, amsar da ya bayar ita ce ai tseren mota aka zo yi. To ai tseren mota da dokarsa ake yin sa. Mercedes sun tsara dabararsu ne a kan abin da ke rubuce, sai aka canja musu shi alhali ba sauran damar gyara. Ko a filin dambe, alƙali ba ya ƙara turmi don ya ga 'yan kallo ba su ƙoshi ba.

Kullum sai ka ce ai an yi watsi da ƙarar Mercedes. An yi. Amma me ya sa FIA, hukumar da ke kula da tseren, ta cire Masi daga kujerar a Fabrairun 2022? Me ya sa rahotonsu na watan Maris ya kira abin kuskuren ɗan'adam? Me ya sa suka gyara kalmar dokar ta koma dukkan motocin da aka zagaye, suka kuma toshe layin da shugabannin kamfanoni ke kiran darakta kai tsaye ana tsakiyar tsere? Ihu bayan hari ne, amma dai amsa laifi ne. Shi ma Masi ina tausayinsa. Mutum ɗaya aka bari da muryoyi suna ta yi masa tsawa a kunne, kuma Wolff ɗinmu ma yana cikin masu yin, don a tseren nan ya roƙe shi kada ya fito da motar tsaro tun da farko. Abin da aka yi wa Latifi kuwa, har da barazanar kisa a intanet, abin kunya ne ga duk mai kiran kansa masoyin Hamilton.

Zan ba ka taka gaskiyar kuma. A zagayen farko na ranar, Max ya kutsa ta ciki, Hamilton ya yanke ta wajen titi ya riƙe gabansa, alƙalai suka ce ba komai. A watan Afrilun bana, nan ƙofar gidanka a Jidda, Max ya yanke kwanar farko a karonsa da Piastri, aka ɗora masa sakan 5, nasarar ta tafi. Na san za a ce yanayin ya bambanta, an kuma sabunta ƙa'idojin, amma mai kallo yana da haƙƙin ya tambaya. Tushen matsalar a ganina shi ne alƙalan nan ba na dindindin ba ne, kusan aikin sa kai suke yi, kowane tsere da tawagarsa. Harkar da ake juya biliyoyin daloli a cikinta! Russell da sauran direbobi sun daɗe suna neman a ɗauki ƙwararru a biya su albashi, amma hukumar ta fi samun lokacin bin wanda ya yi ashar a taron 'yan jarida, kamar yadda aka sa Max aikin al'umma har Kigali a bara.

Shi ya sa hukuncin Las Vegas na watan jiya ya kwanta mini, duk da ya kusa kashe Norris. An auna katakon ƙarƙashin motocin McLaren biyu, ya cinye ya gaza milimita 9 da ɗan abin da bai kai kaurin farce ba, aka soke sakamakonsu duka. Ba kiran waya, ba duba wanda ke kan gaba a teburi. Haka aka yi wa Hamilton a Chaina a watan Maris, ka ji na yi ƙorafi?

Kada ma ka fara yi mini dariyar Ferrari. Tun da Hamilton ya koma can, shekara guda cur bai hau mumbari a babban tsere ko sau ɗaya ba, na sani, ina gani, yana kuma yi mini ciwo. Amma abin da ya ɗaure ni da mutumin nan ba kofuna bakwai ba ne. A daren nan na 2021, bayan ya faɗa ta oba-oba cewa an murɗe tseren, ya zauna cikin motar na ɗan lokaci, ya fito ya je ya miƙa wa Max hannu, ya taya shi murna a gaban duniya. Mahaifinsa Anthony ya je ya gaisa da Jos Verstappen, mahaifin Max. Kambu na takwas fa, wanda zai ɗora shi sama da Michael Schumacher. Kuma ba ranar ya fara ba: a Hangare a 2017 abokin tuƙinsa Bottas ya ba shi hanya bisa sharaɗin in bai iya wuce na gaba ba zai mayar, ya kuwa rage gudu a kwanar ƙarshe ya mayar masa da matsayi na uku, maki uku, alhali Vettel na gabansa a teburi.

Na taɓa ba ka labarin Stirling Moss? A 1958 a Fotugal, alƙalai za su soke sakamakon Mike Hawthorn saboda zargin ya bi hanya a baibai wajen tayar da motarsa da ta mutu. Moss, wanda suke takarar kambu tare, shi ya je ya ba da shaidar cewa ba a kan titin tsere abin ya faru ba. Aka bar wa Hawthorn makinsa. Ƙarshen shekara Hawthorn ya ɗauki kambu da maki ɗaya, 42 da 41, duk da Moss ya ci tsere huɗu shi kuwa ɗaya. Har Moss ya rasu a 2020 bai taɓa zama zakaran duniya ba. Ranar Lahadi da na ga Max ya je ya rungumi Norris bayan an tashi, Moss ne ya faɗo mini, na ce ashe yaron nan ya girma. Ka rubuta ka ajiye, yau na yabi gwaninka.

Babban ɗana ya fara zama kusa da ni in ana tsere, kuma wai motar McLaren mai ruwan lemo yake so, don haka gidan ya rabu. Ya ce in tambaye ka ko gaskiya ne ana jin ƙarar injinan daga unguwarku. In Allah ya kai mu tseren Jidda na baɗi ka ɗauko masa a waya, ko na minti ɗaya ne.

An kira Magariba, bari in tashi. Umma tana gaishe ka, ta ce dabinon ya iso, Allah ya yi albarka, amma zaitun ɗin da ka ce ka haɗo ba a gan shi a jakar ba. Kilishinka yana hannun mai tafiya Umara ranar Asabar, zan turo maka lambarsa. Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Abokin bencin baya