Asabar ɗin nan a bakin kogi za mu yi zumunta

Ƴan'uwa cikin Kristi, salama a gare ku.

Zumuntarmu ta wannan Asabar ba a coci za a yi ta ba. Mu haɗu a lambun Gamji, bakin Kogin Kaduna, da ƙarfe 10 na safe.

Da yawanmu ko ran Lahadi ba ma hutawa: ana tashi daga sujada sai shago, wasu kuma taron kwamiti har dare. Ni ma ban tsira ba. Aiki ba la'ana ba ne, domin tun kafin zunubi ya shigo Allah ya sa Adamu a gonar Aidan ya noma ta, ya kiyaye ta (Farawa 2:15). Amma Mahaliccin da kansa ya huta a rana ta bakwai. A Markus 6:31 ma, da jama'a suka hana almajirai sukunin cin abinci, Yesu janye su ya yi zuwa wurin da ba kowa don su ɗan huta.

Babu dogon wa'azi. Za mu karanta Zabura 104, mu yi waƙa biyu, sauran lokacin kowa ya sha iska ya kalli ruwa da tsuntsaye.

A zo da tabarma da abin taɓawa. Iyaye mata, a sa ido kan yara kusa da ruwa. Mai mota da ke da gurbi ya faɗa a nan kafin Juma'a.