Godiya ga Shagon da Ya Tsayar da Jelar Jirgina

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode wa shagon gyaran jiragen rimot da ya raba ni da matsalar da ta yi wata uku tana ci mini tuwo a ƙwarya, musamman matashin da ke zama a teburin gyara na can ciki.

Jirgin nawa ƙaramin helikwafta ne, T-Rex 450 na kamfanin Align, wanda na saya na hannu tare da jairo samfurin Futaba GY401. Masu wannan harka sun san cewa idan babbar farfela ta juya dama, gangar jirgin hagu take neman juyawa, kuma farfelar jela ce kaɗai ke tare ta, jairo kuwa shi ne yake jin motsin ya umarci sarbon jela, wato ƙaramin injin da ke karkata fikafikan farfelar jela, ya gyara. Nawa da zarar ƙafafunsa sun bar ƙasa sai ya kama juyi kamar katantanwa, har na yi asarar farfela biyu.

Wuri na farko da na kai shi ko batir ba su jona ba suka yanke hukunci cewa jairon ya mutu, in kawo kuɗin sabo. A wuri na biyu an sayar mini da sarbo na analog, aka kuma bar makunnin DS na jikin jairon a kunne, alhali wannan makunni na sarbon dijital ne kawai. Kafin a yi minti goma sarbon ya yi zafi ya ƙone, da na koma kuma aka ce laifin batirina ne. Da wannan zuciya na shigo shagonku, ina jiran a sake kira mini wani farashi.

Abin da matashin nan ya fara yi shi ne zare wayoyin injin da ke juya farfela, yana cewa ba a taɓa jela alhali babbar farfela na iya tashi. Sannan ya saka sarbon dijital, ya jona batir, ya bar jirgin a ajiye na 'yan daƙiƙu har jairon ya nutsu, ya ɗaga shi ya karkata hancinsa hagu yana kallon farfelar jela. Maimakon ta yi gardama da juyin, sai ta ƙara masa ƙarfi. Ashe makunnin alƙiblar jairon ne a juye, abin da ɗan yatsa ke gyarawa! Sababbin jairo na jere a kanta a bayansa, amma ya ce mini: Baba, naka lafiyarsa lau.

Bai sallame ni a nan ba, domin da muka gwada a filin bayan shago jelar ta daina juyi amma tana kaɗawa. Ya bayyana mini cewa kaɗawa mai sauri alama ce ta an cika wa jairo kaifin ji, ta a hankali kuma yawanci wani abu ne ke cijewa a hanyar sandar jela. Ya goge ƙurar da ta daskare a kan shaf ɗin jela, ya daidaita hannun sarbo a kan digiri 90 da sandar, ya rage iyakar tafiyarsa don kada ya riƙa dukan ƙarshe yana gurnani, ya ɗan ja bel ɗin da ya saki, ya kuma canza soson da jairo ke zaune a kai saboda girgiza. A rimot ya mayar da tirim na jela, wato madannin ƙaramin gyaran saiti, sifili, ya kashe haɗin rebo, wato saitin da ke motsa jela daidai da ƙarfin injin, tunda a yanayin riƙe alƙibla jairo yana ɗaukar waɗannan a matsayin umarnin juyawa. Kuɗin sarbo da soso kawai aka karɓa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wannan bincike na rabin awa ya gagari wasu da ke rataye allon gyara a ƙofa. A wurinsu gyara shi ne a cire a saka sabo, mai kaya kuwa idan ya yi tambaya sai a dube shi kamar ya zo ɓata lokaci, kuma mafari da yawa a nan suke jefar da jirgi a kan sif su haƙura da harkar. Ni ma saura ƙiris in yi hakan.

Ranar Asabar da ta wuce na ƙarar da batir uku a sama, jelar ba ta goce ba ko da iska ta bugo daga gefe. Allah Ya yi wa wannan yaro albarka, Ya ƙara wa shagonku kasuwa.

Wassalam.