Wasiƙa zuwa ga Laminu

Assalamu alaikum Laminu,

Shiru kamar malam ya ci shirwa! Ko sanyin Istambul ya daskarar maka da yatsu ne? Ya karatu, ya Hajara da yara? Nan Maraɗi lafiya lau, sai ƙurar hunturu.

Akwai tambayar da zan yi maka, amma bari in fara da labari: an ɗauki Sani sojan sama. E, Sanin da ka sani, mai tsoron kare. Ya ce burinsa ya shiga sashen masu duba hotunan da jirage marasa matuƙi ke aikowa, irin Bayraktar ɗin nan da Nijar ta sayo daga wajenku a 2022. Inna sai murna take, wai ɗanta ba zai shiga daji ba, zama zai yi gaban kwamfuta. Ni kuwa raina bai kwanta ba.

A fada jiya muka yi ta musu har shayi ya huce. Malam Habu ya dage wai jirgi na ganin komai. Na ce masa jirgi ɗauka kawai yake yi, mutum ke gani. A yaƙin duniya na biyu Turawan Ingila sun cire wa wasu jiragen Spitfire bindigogi suka ɗaura masu kyamara, ana kai hotunan wani gida a Medmenham. Can ake jera hotuna biyu na wuri ɗaya a ƙarƙashin tabarau na musamman, sai gini ya taso, a gane tsayinsa. A 1943 wata mata, Constance Babington Smith, ta ƙura wa wani ɗan ɗigo ido a hoton Peenemünde, wurin gwajin makaman Jamus, ta gane ƙaramin jirgi ne a kan gadar harbawa. Makamin V-1 na Jamus ke nan. Haka a Oktoban 1962, jirgin leƙen asirin Amurka mai suna U-2 ya ɗauko hoton Kuba, amma masu karatun hoto ne suka ce makamai masu linzami ne na Tarayyar Sobiyat.

To ka tuna Tudun Biri, can Kaduna, Disamban 2023? Masu Maulidi ne, aka gan su daga sama aka ɗauka 'yan bindiga ne, jirgin soja marar matuƙi ya jefa masu bom, mutum sama da 80 suka rasu. Daga sama, babura goma a hanyar Madarumfa, wa ya san ko 'yan kai amarya ne ko ɓarayin shanu? Sani ne zai zauna ya faɗa. Yaron da ko kaza ba ya iya yankawa.

Af, Ɗanjuma ya ƙara aure, kuma har yau bai biya ka jikka biyar ɗinka ba, kada ka sa rai. Ya sayi sabon babur ma.

Me zan tambaye ka ne ma? Ya shige mini. In ka samu mai zuwa, turo wa Inna man zafin nan na gwiwa, wancan ya ƙare. Ka kira Sani ka yi masa faɗa, ya fi jin maganarka.

Naka,
Isufu