Kafin a yar da tsohuwar RAM saboda an ji sunan DDR5

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan sam min fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani abu da kusan kullum sai na sha musu a kai a shagona, ni dai gyaran kwamfuta nake yi a nan Kano, kuma yanzu yaran nan da sun shigo tambayar farko ita ce wai oga DDR nawa ce a ciki, wato wane ƙarni ne na RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a ciki? In ka ce DDR3 sai a yatsina fuska kamar ka miƙo musu ƙosan jiya.

Kwanakin baya wata ɗalibar jami'a ta zo min da HP EliteBook 840 G2 ta hannu, ta ce wallahi ta gaji, in ta buɗe Chrome da Word tare sai ta je ta ɗora ruwan shayi ta dawo bai gama buɗewa ba, kuma wani ɗan ajinsu ya ce mata ai laifin DDR3 ne, sai ta sayar ta haɗa kuɗi ta sayi mai DDR5. Na kwance marfin ƙasa, RAM giga 4 ce tal a ciki, ramin sa RAM ɗaya a wofi ƙura ta cika shi, ga tsohon hadis (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) mai juyawa yana ta ƙara. Na busa ƙurar na ƙara mata wata giga 4, na cire hadis ɗin na sa SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa kuma ta fi shi sauri. Da na kunna sai ta ce min anya tata ce kuwa? Ita ce dai, kuma DDR3 ɗin da aka kushe ce ke ciki har yanzu, yawanta ne da ma bai kai ba.

Ba wai ina cewa sabuwar ba ta fi ba. DDR3 tun 2007 take, DDR4 ta shigo 2014, DDR5 kuma ta fara shiga hannun jama'a a 2021, kowace ta fi ta baya gudu da rashin cin wuta, DDR3 bolt 1.5 take ja, DDR4 1.2, DDR5 1.1. Gudun DDR3 da muka fi gani 1333 ne ko 1600, DDR5 kuwa daga 4800 ma ta fara. Mai haɗa bidiyo masu nauyi ko mai gem zai iya ganin bambanci. Amma mai bizines senta da aikinsa taifin ne da firintin da cike fom a intanet, shi giga 8 ko 16 na tsohuwa sun fi masa giga 4 na ko wace iri, don in RAM ta cika to ta cika, gudunta ba ya hana kwamfuta sanyin jiki.

Sannan abin da masu zuga mutane ba sa faɗa shi ne ba a sauya RAM kamar yadda ake sauya takalmi, kowane bod, wato babban faifan da kayan cikin kwamfuta ke kai, da irin wadda yake ɗauka. Ta laftof DDR3 haƙora 204 gare ta, DDR4 260, DDR5 262, kuma ɗan tsagin nan na tsakiya ba wuri ɗaya yake ba, na taɓa karɓar laftof da wani yaro ya danna DDR4 da ƙarfin tsiya a ramin DDR3 har ya ɓalla maƙalar. Kenan in ka ce sai DDR5, to sabon bod da sabon furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, kake magana, wato sabuwar kwamfuta sukutum. Ga shi kuma tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda kamfanoni uku ne ke yin mafi yawanta, Samsung da SK Hynix da Micron, kuma sun karkata ga manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira (AI) da ke saye ba ciniki.

Ni ma na taɓa cin tuwon ganganci a nan, na sa wa wata Lenovo T440 RAM mai rubutun PC3, wato DDR3 ta yau da kullum, alhali PC3L take so mai bolt 1.35, allo ya tsaya baƙi ƙirin, na kusa awa ɗaya ina zargin bod kafin na duba sitikar da kyau. Don haka mai saye ya karanta ƴar takardar da ke manne a jiki, PC3 daban, PC3L daban, PC4 ita ce DDR4, kuma a gwada a gabanka kafin ka biya.

Inda zan rabu da masu kare tsohuwa ido rufe shi ne wajen sayen wata kwamfutar. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida in furosesan Intel ne sai ƙarni na 8 zuwa sama, da kuma na'urar tsaro ta TPM 2.0, kwamfutocin DDR3 kuwa kusan duk sun faɗo ƙasa da wannan layin. E, ana yi mata dabara ta hau, mu ma muna yi, amma ba zan ce wa mutum ya kwashi kuɗin guminsa yau ya je Beirut Road, inda ake sayar da kwamfutoci a Kano, ya ɗauko mai DDR3 ba komai sheƙin jikinta. Wadda ke hannunka tana aiki, ƙara mata RAM da SSD ka ci gaba da sha'aninka. In kuwa saye za ka yi, nemi mai DDR4 ƙarni na 8 ko sama, ka sa a buɗe maka ƙasanta ka gani da idonka ko akwai ramin ƙari, don wasu siraran laftof ɗin an liƙe musu RAM a jikin bod, yadda ka saye ta haka za ka ƙare da ita.

Na gode Malam Edita.

Naka, wani mai gyaran kwamfuta, daga Kano.