Wasiƙa daga Harrisburg zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ina gaida Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ina gaida su Kawu da Gwaggo, da uwar yara da yaran. Ni lafiyata ƙalau, aiki sai godiya.

Na zauna na rubuta wannan ne maimakon saƙon murya, don saƙon murya wani kan yanke rabi ya tura gaba. Ina roƙonka ka zauna gaban Inna ka karanta mata daga farko har ƙarshe. In su Kawu suna nan, ya fi.

Maganar kuɗi tukuna. Na ba Alhajin da ya kawo muku magani bara dala 700, zai sauka Kano farkon wata. Ka je Wapa da ƙafarka ka canza, kada ka aiki Auta. Dala 400 na aikin idon Inna ne, ba a taɓa su ko da wa zai zo da kuka. Dala 150 kuɗin makarantar yara, ka biya a banki ka ɗauki hoton rasit ka turo min. Dala 100 a sayo gero da masara a Dawanau tun farashi bai tashi ba. Sauran 50 na Gwaggo ne, ka danƙa mata a hannu ba a gaban mutane ba.

To, ga abin da ya hana ni barci. Uwar yara ta kira ni tana kuka, wai a gidan biki aka tare ta da cewa mijinta ya shiga ƙungiyar asiri a Amurka, kuɗin da yake aikowa ba na Allah da Annabi ba ne. Daga baya na ji Kawu ya mayar da buhun shinkafar da na sa aka kai masa. Yaya, wannan ta yi min ciwo. Kai ka san ni tun ina goye. Kuɗin nan a sito nake samo su, dare nake kwana ina tuƙa motar ɗaga kaya, ina loda tireloli har asuba. Ba kuka nake ba, aiki ne kamar na kowa, kuma Allah ya rufa asiri. Amma a ce gumina ya zama kuɗin jini a bakin dangina, wallahi ban zaci haka ba.

Na san tushen maganar, hotuna biyu ne da na sa a Facebook. Na farko na wurin sunan ɗan maƙwabcina ne, ɗan Maradi, inda aka ga kan wata dabba mai ƙaho rassa-rassa a bango a bayana. Zauren taro ne na haya. A nan ba a kafa rumfa a titi a yi suna, gidajenmu kuwa ɗaki biyu ne, ga sanyi. Sai a kama zaure, kuma mafi araha na ƙungiyoyin nan ne na tsofaffin gari. Wannan na wata ƙungiya ce da ake kira Elks, sunan dabbar ke nan, wata ƙatuwar barewa ce ta dajin ƙasar nan, shi ya sa suke rataye kanta. Ba yanka ake mata ba, ba kuma sujada. Mun biya kuɗinmu, mun shigo da tukwanen shinkafa da naman rago, liman ya yi addu'a, aka watse, muka share musu wuri.

Na biyu shi ne wanda na tsaya gaban wani gini mai hasumiya. Sunansa Zembo, yana arewacin gari, an gina shi wajen 1929. Duk wanda ya gan shi daga nesa zai rantse masallaci ne, abin da ya sa na ɗauki hoton ke nan. Na wasu ne da ake kira Shriners, waɗanda suka faro a New York a 1872. Jar dara suke sawa mai tunku, da tambarin takobi da jinjirin wata, wasu rassansu ma har sunan Makka da Madina suka ɗauka, alhali yawancinsu Kiristoci ne. In ana faretin gari sai ka ga dattawa da furfura cikin 'yan ƙananan motoci suna zagaye, yara na ihu. Gaskiya abin bai kwanta min ba, don alamomin addininmu ba kayan ado ba ne. Amma kuma su ne ke da asibitocin yara masu nakasar ƙashi da waɗanda wuta ta ƙona, tun 1922 suka buɗe na farko, kuma ba sa korar yaro don iyayensa ba su da kuɗi. Duka biyun gaskiya ne, na faɗa maka yadda suke. Ban taɓa zama a taronsu ba.

Ka gaya wa Kawu ban ce babu abin tsoro ba. Ba a zama Shriner sai an shiga wata tsohuwar ƙungiya da ake kira Mason tukuna, su kuwa Mason suna da rantsuwarsu da bukukuwan da suke rufe ƙofa su yi. Na san majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, ta zauna a Makka a 1978 ta haramta wa Musulmi shigarsu, har ta ambaci Rotary da Lions a cikin fatawar. Ni ba malami ba ne, inda malamai suka tsaya nan na tsaya. Ban cika takardar kowa ba, ban yi wa kowa rantsuwa ba, ba ni da zoben kowa a yatsa. Su Elks da ire-irensu, Moose da Eagles, ma ko babu fatawa, yawancin zaurukansu da mashaya a ciki, ga wata 'yar caca ta lambobi da tsofaffi ke yi da yamma. Me zai kai ni?

Sai dai ina so ku fahimci abin da suke yi a gari irin wannan, don ku daina jin sunan kuna zabura. Harrisburg hedikwatar jihar Pennsylvania ce, amma ƙaramin gari ne a bakin kogin Susquehanna, mutanen cikinsa wajen dubu 50 ne. Kana shiga irin waɗannan garuruwa za ka ga allo a bakin hanya da tambarin ƙungiyoyi jere, Lions, Rotary, Kiwanis, da na tsofaffin sojoji. Mutanen nan ba su da gida irin namu mai sassa goma. Yaro na gama makaranta ya kama gabansa, tsoho ya rage shi kaɗai da talabijin. To zauren ƙungiya shi ne majalisarsa. Nan zai ci abinci da mutane, nan za a lura in kwana biyu bai leƙo ba a je a buga masa ƙofa. In ya mutu su ne za su ɗauki gawarsa, a dawo zauren a ciyar da masu ta'aziyya. Su ke sayen rigunan ƙwallon yaran unguwa, su ke ba ɗalibai tallafin karatu. Lokacin azumin Kiristoci duk Juma'a ana soya kifi a sayar, kuɗin ya tafi asusu. A ƙananan garuruwan kewaye ma 'yan kashe gobara na sa kai ne, da gasa kaji da hayar zaure suke haɗa kuɗin kayan aiki.

Wani dattijo da muke aiki tare, shi ke gadin ƙofa, ɗan Steelton ne, garin masana'antar ƙarfe da ke manne da mu. Kakansa daga Kuroshiya ya zo. Ya ce min lokacin da kakanninsu suka zo, in ƙarfe ya danne mutum a wurin aiki shi ke nan, matarsa da 'ya'yansa sai bara, don gwamnatin tarayya ba ta fara biyan ma'aikata kuɗin tsufa ba sai da aka yi dokar 1935. Sai suka riƙa tara 'yan sulalla duk wata, wanda ya kwanta ciwo a ba shi, wanda ya mutu a binne shi a ba iyalinsa wani abu. Ƙungiyar Kuroshiyawan tun 1894 aka kafa ta a Pittsburgh, tana nan har gobe. Wata tsohuwar ƙungiya, Odd Fellows, da ta shigo ƙasar nan a 1819, aikin da ta ɗora wa 'ya'yanta shi ne duba mara lafiya, taimakon wanda ya shiga ƙunci, binne mamaci da ilimantar da maraya. Su Moose gari guda suka gina wa marayu kusa da Chicago a 1913. Yaya, da yake ba ni labarin nan jikina ya yi sanyi, don baƙi ne irinmu, tsoronsu kuma irin namu, kada mutum ya mutu a ƙasar wasu babu mai sa shi a rami.

Ba wanke su nake ba. Elks ɗin nan da muka yi suna a zaurensu, sai 1973 suka cire dokar da ta ce farar fata kaɗai ke shiga, mata kuwa sai 1995. Baƙaƙen Amurka da aka hana sai suka kafa tasu tun 1898. Yanzu kuma duk sun tsufa, matasa ba sa shiga. Mason a 1959 sun haura miliyan 4 a ƙasar nan, yau ba su kai miliyan ɗaya ba. Shi ya sa suke neman masu haya ido rufe, har da mu.

In ma Rotary ce ake zaro ido a kanta, ai ba daga Amurka za a ba ku labarinta ba. Reshenta na farko a Najeriya a Kano aka buɗe shi a 1961, kuma tun 1985 take zuba kuɗi a rigakafin shan inna, har aka ce ƙasarmu ta rabu da cutar a 2020. Su Lions kuwa ido suka riƙe, akwatunansu na nan a kantuna ana jefa tsofaffin tabarau don a kai wa marasa hali. Duk sanda na wuce akwatin nan sai na tuna Inna tana laluben carbinta a kan darduma, ni ina nan. Baba ya rasu ban samu jana'iza ba. Ba na so idon Inna ya rufe ban tsaya a gabanta ta gan ni ba. Don Allah, Yaya, kada a ƙara ɗaga ranar aikin nan. Yanar ido ce, likita ya ce cirewa ake yi a sallami mutum. A kai ta asibitin, a daina ɗiga mata abin da masu magani ke kawowa. Dala 400 ɗin nan nata ne ita kaɗai. In ba su isa ba ka faɗa min, zan ƙara awoyi a wurin aiki, ba wani abu ba ne.

Ƙungiya ɗaya nake ciki, kuma ba na ɓoye ta. Tamu ce ta 'yan gida, yawanci 'yan Nijar, Hausawan Maradi da Damagaram da Zabarmawa, don suna da yawa a garin nan, sai mu 'yan Najeriya tsiraru. Duk wata kowa na zuba dala 20. Muna haɗuwa bayan sallar la'asar ranar Lahadi, a sha shayi, a karanta lissafi a gaban kowa. Da wani bawan Allah ya rasu cikin hunturun bara, ba shi da kowa a nan, asusun nan ne ya saya masa kabari a maƙabartar Musulmi, muka yi masa wanka da sutura, muka aika wa matarsa abin da ya rage. Kabari a ƙasar nan da dubban daloli ake sayensa. Ni aka ba riƙon littafin kuɗi bana, don sun ce ba su taɓa ganin na ci na wani ba. Wannan ma a gaya wa Kawu. In yana so, limaminmu zai kira shi su yi magana malami da malami. Shinkafar kuma a sake kai masa, ka raka ta da kanka, ka ce ɗansa na neman albarka. Ban riƙe shi a zuciya ba, tsoron Allah ne ya sa shi, amma da ya tambaye ni kafin ya mayar.

Sai maganar Auta. An tabbatar min shi ya fara nuna hoton a majalisarsu yana dariya, daga nan maganar ta fita. Yaron da na biya wa kuɗin jarrabawa, na saya masa keken ɗinki. Ina keken yake yanzu? Ka tambaye shi a gaban Inna. Wayar da yake ta damuna a kanta ba zan saya ba, sai na ji daga bakin maigidansa cewa yana zuwa shago kullum. Kada ka ba shi ko sisi daga kuɗin nan, ko ya ce ni na ce. Ka kuma ja masa kunne ya je ya ba uwar yara haƙuri, don ita ke shan kunyar a unguwa. Ina sonsa, Yaya, ni na yi ta goyonsa zuwa makarantar allo, shi ya sa abin ya fi min zafi.

Maganar zuwana, ina nan ina bin takardu, in Allah ya yarda ba za a daɗe ba. Kada ka sa wa Inna rana, ka ce mata dai ta ci gaba da addu'a. Sanyi ya fara shigowa amma ina da riguna, ɗakin ma da ɗumi.

In Alhaji zai dawo, a ba shi kuka da daddawa da yaji, da kuɓewa busasshiya in an samu. Kada a sa kilishi, a filin jirgi ake ƙwace nama, har tara suna ci. A haɗo min da hoton yaran cikin kayan makaranta. Ka tuna, Wapa da ƙafarka, rasit ɗin makaranta ka turo, na Gwaggo a hannunta.

A gaida Malam na masallacin unguwa, a gaida maƙwabta gaba da baya. Inna ta yafe min, ta sa min albarka.

Wassalam.

Ƙaninka.